Zaren Silikon da Ɗigon Zinariya: Me Ya Hana Wannan Fasaha Isowa Farantin Solar da Muke Saye?

Shin gaskiya ne masana sun gano hanyar yin farantin sola da kashi ɗaya kacal cikin ɗari na silikon ɗin da ake kashewa a yau? Idan gaskiya ne, me ya sa har yanzu ba a ga irinsa a kasuwa ba? Kuma wanda ke tara kuɗi don sa sola a gidansa ko shagonsa, ya dakata ya jira sabon, ko ya sayi wanda ke akwai?

Tambayar ta dace da lokacin. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, sannan aka kai kuɗin wutar 'yan rukunin Band A, masu samun wuta awanni mafi yawa, naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, sola ta daina zama kayan masu hali kaɗai. Mai cajin waya, mai sayar da ƙanƙara da mai noman rani duk sun shiga lissafinta. Duk labarin da ya ce araha na tafe, dole kunne ya tashi.

Kashin farko na maganar gaskiya ne, an yi shi a ɗakin bincike a shekarar 2010, ta hanyar amfani da siraran zaren silikon da ido ba ya gani maimakon faifai mai kauri. Sai dai abin da aka auna a lokacin shi ne yawan hasken da silikon ɗin ya shanye, ba yawan wutar da ta fito ta waya ba. Tsakanin waɗannan biyu akwai tazara mai faɗi, kuma mafi yawan labarin a cikinta yake.

Inda silikon ke cin kuɗi

Ƙananan gidajen nan masu kusurwa huɗu da ke jere a fuskar faranti, waɗanda masu sana'ar ke kira sel, kowannensu yankan silikon ne. Silikon ba abu ne mai wuyar samu ba, shi ne na biyu a yawa a ɓawon ƙasa, kusan kashi 28 cikin ɗari. Wahalar tana wajen tsarkake shi. Ana ƙona farin dutsen kwaz mai tsabta tare da gawayi a murhun lantarki mai zafin kusan digiri 2,000, a sami silikon mai tsarkin kashi 98 zuwa 99. Wannan bai isa ba. Sai a mayar da shi iskar gas, a tace, a sake daskarar da shi har tsarkinsa ya kai kashi 99.9999 ko fiye. Daga nan a narkar da shi, a jawo shi a hankali ya zama dunƙulen kiristal guda, a yanka shi faifai-faifai da waya mai ƙurar lu'ulu'u. Wani kaso mai tsoka na wannan silikon da aka sha wahalar tacewa a gari yake tafiya wurin yanka.

Me ya sa faifan ke buƙatar kauri? Saboda silikon ba ya shan haske da sauri. Shuɗin haske yana ƙarewa a samansa, amma hasken da ke can bayan ja, wanda ido ba ya gani, sai ya nutsa fiye da maikiromita 100, wato kashi ɗaya cikin goma na milimita, kafin a kama shi. Idan haske ya buge wata ƙwayar lantarki ya tayar da ita daga gurbinta, dole ta yi tafiya cikin silikon ɗin har ta isa mahaɗar da ke raba ɓangarori biyu na sel, inda ake karkatar da ita zuwa waya. In ta gamu da datti a hanya, ta koma gurbi, ƙarfinta ya zama zafi kawai. Kauri na son tafiya mai nisa, tafiya mai nisa na son tsarki, tsarki kuma kuɗi ne.

Mene ne zaren nano?

Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Silin gashin mutum yana da kaurin nanomita 50,000 zuwa 100,000. Zaren silikon da ake magana a kai kaurinsa daga 'yan nanomita goma ne zuwa 'yan ɗaruruwa, tsawonsa kuma kan ninka kaurin sau ɗari ko dubu. Akwai masu ɗan kauri, maikiromita ɗaya zuwa biyu, da su ma ake sa su a wannan dangi. Ido ba ya ganin guda ɗaya. Abin da ido ke gani, idan miliyoyinsu suka tsaya a kan faifai, shi ne faifan ya rikiɗe daga toka-toka mai sheƙi ya koma baƙi ƙirin.

Yadda ɗigon ƙarfe ke tsirar da zare

Asalin hanyar ya girmi yawancin masu karanta wannan. A shekarar 1964, R. S. Wagner da W. C. Ellis na ɗakin binciken Bell a Amurka, wurin da aka ƙera sel ɗin silikon na farko mai amfani a 1954, suka bayyana ta. Masana na kiranta VLS a taƙaice, ma'ana daga iska zuwa narkakke zuwa daskararre.

Sirrin yana cikin wani hali na zinariya da silikon. Zinariya ita kaɗai ba ta narkewa sai zafi ya kai digiri 1,064. Silikon shi kaɗai sai 1,414. Amma idan aka gauraya su, kusan kashi 19 na silikon da 81 na zinariya a ƙidayar ƙwayoyin zarra, cakuɗin yana narkewa a digiri 363 kawai. Don haka idan aka shafa zinariya siririya a kan faifan silikon, aka sa shi cikin bututun gilashin kwaz aka hura zafi, shafin zai tsattsage ya zama ƙananan ɗigo-ɗigo na ruwan ƙarfe, kowane ɗigo zaune a kan daskararren silikon.

Sai a saki iskar gas mai ɗauke da silikon ta ratsa bututun. Wagner da Ellis sun yi amfani da silikon tetirakuloraid haɗe da haidurojin a zafin da ya kusa digiri 1,000. Masu amfani da iskar silen, wata gas mai ɗauke da silikon, kan tsaya tsakanin 400 da 600. Gas ɗin ya fi saurin farfashewa a kan narkakken ɗigon fiye da kan busasshen faifan, saboda haka silikon ɗin cikinsa ɗigon yake shiga. Wannan ne aikin da ake nufi idan an ce ƙarfen katalis ne: yana sauƙaƙa aikin, yana zaɓa masa wuri, shi kuma a ƙa'ida ba ya ƙarewa.

Duk wanda ya taɓa loda sukari a kofin shayi ya san akwai inda ruwan zai ƙoshi, sauran ya kwanta a ƙasa. Haka ɗigon yake. Idan ya ƙoshi da silikon kuma gas bai daina zuwa ba, rarar takan daskare a ƙarƙashinsa, a daidai inda ya taɓa faifan, tana bin jerin ƙwayoyin kiristal ɗin da ta tarar. Shimfiɗa ɗaya ta kwanta, ta ɗaga ɗigon sama kaɗan, wata ta biyo. Da haka ginshiƙi ke tashi, ɗigon na kansa yana ci gaba da haɗiyar silikon ta sama yana sauke shi ta ƙasa. Girman ɗigo ne ke yanke kaurin zare, daɗewar gas kuma ta yanke tsawonsa. A hoton madubin ilaktiron ana ganin abin ƙarara: sanda miƙaƙƙiya mai ƙwallon ƙarfe a ka.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne babu wuƙa, babu yanka, babu garin da ke zuba. Kiristal mai kyau yana fitowa kai tsaye daga gas, a wurin da aka ɗiga ƙarfen kawai.

Hanyar ta yi shekaru talatin da wani abu ba ta fita daga hannun ƙwararru ba, sai a 1998 da Alfredo Morales da Charles Lieber na Jami'ar Harvard suka yi amfani da hasken lesa wajen samar da ɗigo ƙanana ƙwarai, suka tsirar da zaren da kaurinsa bai wuce nanomita 20 ba. Daga nan bincike ya ɓarke a ko'ina.

Abin da ya ja hankalin masu sola

Abu biyu ne. Na farko haske. Faifan silikon mai santsi yana mayar da fiye da kashi 30 na hasken da ya sauka a kansa. Amma hasken da ya faɗa tsakanin tsayayyun zare yakan yi ta karo daga wannan zuwa wancan, kuma kowane karo ana shan wani abu daga cikinsa. A 2010, ƙungiyar Harry Atwater da Nathan Lewis a cibiyar Caltech ta Kalifoniya ta nuna jerin zare da ya mamaye ƙasa da kashi 5 na fili, amma ya shanye kusan kashi 85 na hasken ranar da silikon zai iya amfana da shi, da silikon kusan kashi ɗaya cikin ɗari na faifan da aka saba. Nan ne tushen labarin da ke yawo.

Yadda suka yi shi ma abin dubawa ne. Sun rufe faifan da siririn gilashi, suka huda ramuka a jere, suka zuba ƙarfe a kowane rami don kada ɗigo ya gangara ya haɗe da maƙwabcinsa. Bayan zaren ya tashi, sai su kwarara masa roba mai laushi, ta daskare, su ɓamɓare ta ɗauke da zaren a ciki. Abin da ke hannu a ƙarshe leda ce mai lanƙwasuwa, faifan asali kuma a wanke shi a sake tsirar da wani a kansa.

Na biyu ya fi zurfi. A 2005, Brendan Kayes da Atwater da Lewis suka kawo shawarar a naɗe mahaɗar sel a jikin kowane zare, ciki ɓangare ɗaya, ɓawo ɗaya ɓangaren. Haske zai bi tsawon zaren ya sami isasshen silikon da zai kama shi, ƙwayar lantarki kuwa gefe kawai za ta fita, tafiyar da ba ta kai maikiromita ɗaya ba. Idan tafiya ta gajarce haka, ba dole sai silikon mai tsananin tsarki ba. A kan takarda, an tsinke sarƙar nan ta kauri da tsarki da kuɗi.

Zinariyar da ta haifi zaren ita ke shanye wutarsa

Ga inda aka ci karo da bango. Ɗigon ba ya tafiya da tsabta kamar yadda ƙa'ida ta ce. Wasu ƙwayoyin zinariya na maƙalewa cikin zaren, wasu na malala a jikinsa. A 2006 masu binciken kamfanin IBM sun kalli tsirowar kai tsaye a madubin ilaktiron, suka ga zinariya na ƙaura daga ƙananan ɗigo zuwa manya ta kan fatar zaren, har ƙaramin ɗigo ya ƙare, zarensa ya tsuke ya tsaya.

Zinariya kuwa tana cikin mafi munin abin da zai shiga silikon ɗin sola. Tsakanin matakin da ƙwayar lantarki ke kwance da matakin da take gudana akwai tazarar da ba ta iya tsayawa a ciki. Ƙwayar zinariya takan kafa masauki a kusan tsakiyar wannan tazara, ta kama ƙwayar lantarkin da haske ya tayar, ta mayar da ita gurbi kafin ta yi aiki. Masu ƙera kayan lantarki sun daɗe da sanin haka, har da gangan suke sa zinariya a wasu na'urorin da ake so su ɗauke wuta da sauri. A sel ɗin sola akasin haka ake nema.

Akwai kuma matsala ta biyu da ta zama ta fi ta farko taurin kai, wato fata. A kowace fuskar silikon akwai ƙwayoyin zarra da hannunsu ke sake, ba su da abin riƙewa, kuma su ma tarko ne. Faifai yana da fuska biyu. Miliyoyin zare kuwa kusan dukkansu fata ne. Binciken da aka yi a Jami'ar Northwestern a 2008 ya gano ɗaiɗaikun ƙwayoyin zinariya a cikin zare, amma ya nuna cewa a siraran zare fatar ce ta fi cinye wutar. Siffar da ta sa zaren ya iya kama haske ita ce ta sa yake zubar da abin da ya kama.

Alƙaluma sun nuna haka. Sel ɗin zare guda da ƙungiyar Lieber ta yi a 2007 ya mayar da kashi 3.4 na haske wuta. Na kamfanin General Electric da aka tsirar a kan farantin ƙarfe a shekarar bai wuce kashi 0.1 ba. Na Caltech ya kai 7.9 a 2010.

Neman ƙarfen da zai maye gurbin zinariya

Caltech ta koma ga jan ƙarfe. Shi ma datti ne a silikon, amma silikon ya fi jure masa, kuma da yake yana yawo da sauri cikin kiristal, ana iya janyo shi waje da zafi. A Halle ta Jamus, cibiyar Max Planck ta tsirar da zare da alminiyam a 2006. Amfaninsa shi ne wanda ya saura a ciki ba guba ba ne, yana ma cikin sinadaran da ake sa wa silikon don samar da ɗaya daga ɓangarorin sel. Matsalarsa, da ya shaƙi iska kaɗan sai ya yi ɓawo, aiki ya tsaya.

Wadda ta fi nisa a wannan layi ita ce kuza, wadda mutanen Jos suka sani tun zamanin haƙarta. Tana narkewa a digiri 232, kuma 'yar gida ɗaya ce da silikon a jadawalin sinadarai, ba ta yin ɓarna irin ta zinariya. A makarantar École Polytechnique da ke kusa da Faris, ƙungiyar Pere Roca i Cabarrocas ta tsirar da zare da kuza a kan gilashi, ta lulluɓe shi da siririn silikon marar kiristal, ta kai kusan kashi 9 a 2015. Ci gaba ne na gaske, amma bai kai rabin abin da farantin kasuwa ke bayarwa ba.

Ƙarfe mai haƙa maimakon mai gini

Akwai hanya ta biyu da ake yawan rikita ta da ta farko. A nan ƙarfen ba sama yake ɗaga silikon ba, ƙasa yake nutsawa. Ana tsoma faifai cikin ruwan asid na haidurofulorik da aka zuba wa gishirin azurfa. Ƙwayoyin azurfa su kwanta a fuskarsa, silikon ɗin da ke ƙarƙashin kowace ƙwaya ya ci, ƙwayar ta nutse, abin da ya tsira a tsakani ya zama tsayayyun zare. Masu bincike a Jami'ar Tsinghua ta Beijing sun nuna haka a 2002. Ba murhu, ba gas, a cikin kwano ake yi.

Wannan ba ta rage silikon, tunda sai da faifai. Baƙanta fuska kawai take yi. Amma ita ce ta kusanci kasuwa. Cibiyar binciken makamashi ta NREL a Amurka ta kai kashi 18.2 da ita a 2012. A 2015, Jami'ar Aalto ta Finland da abokan aikinta na Basalona suka kai 22.1 da baƙin silikon da aka sassaƙa da gas, bayan sun rufe fatar da siririn alumina don toshe tarkunan. Masana'antu a Sin sun yi amfani da hanyar azurfa na 'yan shekaru wajen baƙanta faifai masu arha, kafin irin waɗannan faifai su fita daga yayi.

Kasuwa ba ta jira ba

A ganina, abin da ya kayar da zaren silikon a fagen sola ba a ɗakin bincike ya faru ba. A 2008, lokacin da ake ɗokin wannan fasaha, kilo ɗaya na tataccen silikon ya haura dala 400. Duk wanda ya ce zai rage silikon, ana sauraronsa. Sai manyan masana'antu suka tashi a Sin. Zuwa 2012 farashin ya faɗo ƙasa da dala 20, a 2024 ya sauka ƙasa da dala 10. Faifai ya sirance daga kusan maikiromita 300 zuwa tsakanin 130 da 150. Silikon ɗin da wat ɗaya ke ci ya ragu daga fiye da giram 10 zuwa ƙasa da 3. Farantin da ake sayar da wat ɗinsa fiye da dala 3 a 2008 ya koma kusan senti 10 a bakin masana'anta a 2024. Ingancinsa ya haura zuwa tsakanin kashi 21 da 23, kamfanin LONGi na Sin ya wuce 27 a gwaji, alhali iyakar da lissafi ya yanka wa silikon shi kaɗai 29.4 ce.

Ciwon da aka zo yi wa magani ya warke ta wata hanya. Sel mai kashi 9 yana buƙatar fili, gilashi, ƙarfen ɗauri da waya fiye da ninki biyu kafin ya ba da wutar na kashi 22, kuma waɗannan ne ke cin kuɗi yanzu. Ko kamfanin Sol Voltaics na Suwidin, wanda zarensa na galiyam asanaid, wani sinadari da ba silikon ba, ya kai kashi 15.3 a 2015, ya durƙushe a 2019.

Masu goyon bayan ci gaba da binciken suna da hujjarsu. Sel mai lanƙwasuwa, marar nauyi, da ake iya tsirarwa a kan gilashi ko ƙarfe yana da wuraren da faranti mai kauri ba zai shiga ba. Kuma zaren ya sami gida a batir. A ƙarshen 2007, Yi Cui na Jami'ar Stanford ya nuna cewa zaren silikon da aka tsirar da zinariya yana riƙe litiyam kusan ninki goma na girafait ɗin da aka saba sa wa a batir, kuma yana kumbura ya motse ba tare da ya farfashe ba. Kamfanin Amprius daga nan ya fito, kuma batirinsa ne jirgin Zephyr na Airbus mai aiki da rana ya ɗauka lokacin da ya shafe kusan kwana 26 a sama a 2018. Masu ganin a haƙura kuma na cewa kuɗin bincike ya fi amfani a kan ɗora ferobsikait, wani sinadari mai shan haske, a saman silikon, wanda tuni ya wuce kashi 33 a gwaji. A batun wutar gida, ina tare da na biyun.

Abin da ya shafi mai saye da masu tsara manufa

Babu dalilin jira. Farantin zaren silikon da aka tsirar da ɗigon ƙarfe ba ya cikin kayan da ake jibgewa a kasuwa. Baƙin da kake gani a farantin zamani daga kiristal guda ne, da ƙananan tudu da aka sassaƙa a fuskarsa, da shafin hana mayar da haske. Idan mai kaya ya nuna maka kalmar nano a kwali ya ɗora kuɗi a kanta, ka nemi takardar bayan farantin ka duba wat, girma da kason inganci.

Ga masu maganar kafa masana'antar sel ɗin sola, irin wadda hukumar kimiyya da injiniya ta tarayya, NASENI, ta aza harsashinta a Gora ta jihar Nasarawa a Maris ɗin 2023, yawan yashi ba shi ne jari ba. Tacewa da jan kiristal suna son wutar da ba ta ƙiftawa dare da rana, kuma fiye da kashi 95 na faifan duniya a Sin ake yanka shi. Tsirar da zare ma ba gajeriyar hanya ba ce: iskar silen da kanta take kama wuta idan ta haɗu da iska. Hanyar azurfa ce ta fi kusa da ƙarfin ɗakunan binciken jami'o'inmu, muddin akwai kayan kariya, domin asid ɗinta yana ratsa fata ya kai ƙashi.

Abin da ke rage wa mutum wuta a nan ƙasar ya fi kusa da hannu. Wat ɗin da aka rubuta a faranti an auna shi ne a zafin digiri 25. A ranar Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri faranti kan kai digiri 65, kuma kowane digiri na ɗauke kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari, wato kusan kashi 14 sun tafi tun kafin a sa ƙurar hunturu a lissafi. Mai haɗa maka ya bar tazara tsakanin faranti da kwanon rufi don iska ta ratsa, ya kuma kafa shi inda hannu zai kai a goge shi da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.